Ƙwayar sida ba ta tsayawa a duwan

Tun daga shekarar 1987, lokacin da hukumomin kiwon lafiya suka tabbatar da samun mutum na farko mai ɗauke da cutar sida a Nijar, akwai tambaya guda da ba ta bar bakin jama'a ba: wa ya kawo ta? A tashar mota da rumfunan kasuwa, a fadar samari da ofisoshin gwamnati, kowa yana da amsarsa a aljihu. A Tawa an ɗora wa ƴan ci-rani masu dawowa daga Abijan, a Gaya an ɗora wa direbobin kamiyo masu sauka Kwatanu, a Maraɗi da Damagaram kuma aka nuna kudu da yatsa. Wanda ya tsallaka iyaka ya saurara zai tarar da irin wannan magana, sai dai an juya yatsan wani wajen, domin kowace ƙasa tana ganin maƙwabciyarta ce ta jawo mata. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka hau naka ka hango na wani.

A yau kimiyya ta samu hanyar duba wannan tambaya ba tare da dogara ga jita-jita ba. Masana suna karanta rubutun halittar ita kanta ƙwayar cutar, su jera danginta, su fitar da salsalarta kamar yadda ake fitar da ta gidan sarauta, sannan su gane hanyoyin da ta bi daga ƙasa zuwa ƙasa da shekarun da ta bi su. Abin da binciken ya nuna ya cancanci ya shiga kunnen ɗan kasuwa da ma'aikaci, ya kuma fi cancanta ya shiga kunnen mahukunta, domin ya wanke mutane da yawa da aka daɗe ana zargi, ya kuma ɗora wa gwamnatocin yankin nauyin da ba za su iya ɗauka ɗaya-ɗaya ba, a daidai lokacin da zumunci tsakanin Nijar da wasu maƙwabtanta ya yi rauni.

Yadda ake karanta salsalar

Ƙwayar da ke haddasa sida, wadda masu bincike na Cibiyar Pasteur ta Paris suka fara ganowa a 1983, tana ɗauke da wani rubutu na halitta mai haruffa kimanin 9700. Duk lokacin da za ta hayayyafa a jikin mutum sai ta kwafe rubutun nan, kuma mai kwafin gaggawa ce, ba ta komawa baya ta gyara kuskure. A jikin wanda ba ya shan magani ana haifar da sababbin ƙwayoyi miliyar da dama a kowace rana, saboda haka kurakurai suna taruwa da sauri, kuma kowace ƙwaya tana gadar da nata ga ƴaƴanta. Misalin abin shi ne na almajirin da ya kwafi littafi da hannu ya tsallake kalma guda: duk wanda ya kwafa daga nasa zai gaji tsallaken, ya ƙara da nasa kuskuren. Malamin da ya tara kwafi ɗari a gabansa zai iya cewa wannan da wancan daga hannu ɗaya suka fito, wancan kuwa danginsu ne na nesa. Haka masana ke yi da jinin da aka ɗiba a Yamai, da Wagadugu, da Kano, da Abijan. Tun da yake kuma an san gwargwadon saurin da kurakuran ke taruwa a shekara, ana iya ƙiyasta lokacin da rassa biyu suka rabu, ko da babu wanda ya rubuta ranar.

Da wannan dabara aka warware asalin annobar kanta. A 2006 masu bincike suka nuna cewa kakar babban reshen cutar, wanda ya game duniya, tana jikin manyan birai nau'in cimfanzi na dazuzzukan kudu maso gabashin Kamaru, daga inda ta tsallaka zuwa ɗan Adam a farkon ƙarni na 20, mai yiwuwa ta hanyar jinin naman farauta. Jini mafi tsufa da aka samu da ƙwayar a ciki an ɗebe shi a Kinshasa a 1959, lokacin ana kiran birnin Léopoldville. A 2014 wata tawagar masana ƙarƙashin Nuno Faria na Jami'ar Oxford ta tattara ɗaruruwan rubutun ƙwayar, ta nuna cewa a Kinshasa ta yi sheƙa tun wajen 1920, daga nan ta haye kogi zuwa Brazzaville, ta kuma bi jirgin ƙasa da jirgin ruwa na mulkin mallakar Beljiyam zuwa garuruwan ma'adinai irin su Lubumbashi da Mbuji-Mayi. A ƙarshen shekarun 1940 fiye da mutum miliyon guda ke ratsa Kinshasa ta jirgin ƙasa a kowace shekara. Ke nan cutar ta yi shekaru wajen sittin tana tafiya a ɓoye kafin likitocin Amurka su ba da rahotonta a 1981, kuma hanyar da ta bi ita ce wadda tattalin arzikin zamanin ya shimfiɗa wa leburori da fatake.

Abin da jinin yankin ya faɗa

A Afirka ta Yamma salsalar ta fi sarƙaƙiya. Akwai ƙwaya ta biyu, VIH-2, wadda aka gano a 1986 a jikin majinyata daga Gine-Bisau da Kap-Ber. Asalinta daga wani birin daban ne na dazuzzukan yankin, kuma ba ta da saurin yaɗuwa kamar ta farkon. Ita kuwa ta farkon, VIH-1, reshenta da ya fi yawa a yankin ana kiransa CRF02_AG, kuma daga jinin da aka ɗiba a Ibadan ta Najeriya aka fara siffanta shi a shekarun 1990. Reshe ne ruwa-biyu, wato an haife shi ne a jikin mutum guda da ya kamu da ƙwayoyi iri biyu, suka gauraya rubutunsu. Akwai wani gaurayen mai suna CRF06_cpx, wanda aka fara gani a jinin mutanen Burkina Faso da Mali. Binciken da Edson Delatorre da Gonzalo Bello, masana da ke aiki a Brazil, suka buga a 2013 ya nuna Burkina Faso ce cibiyarsa tun wajen ƙarshen shekarun 1970, daga nan ya watsu zuwa ƙasashen da ke kewaye. Wani binciken nasu na 2014 ya nuna cewa reshen G, wanda ya yi ƙarfi a Najeriya, daga Afirka ta Tsakiya ya taso, ya kafu a Najeriya a shekarun 1970, kana ya fita zuwa maƙwabta.

Nijar ma ba ta rasa nata masu binciken ba. A 2002 Saidou Mamadou na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, tare da abokan aikinsa na Montpellier a Faransa, suka buga sakamakon awon jinin da aka ɗiba a ƙasar, inda suka tarar CRF02_AG ne ke kan gaba, CRF06_cpx na biye masa. A shekarar da ta biyo suka ba da rahoton ƙwayoyin da suka haɗa rubutun waɗannan rassa biyu wuri guda, kuma ɗaya daga cikinsu, wadda aka fara siffantawa daga jinin Nijar, ta shiga kundin duniya da sunan CRF30_0206. Ma'anar wannan a fili take. Rassan da ke yawo a ƙasashen bakin teku da waɗanda ke yawo a Sahel duk suna nan, kamar yadda hajar Kwatanu da ta Kano da ta Wagadugu ke haɗuwa a kasuwa guda. Cutar da rassanta suka daɗe suna cuɗanya a cikin jama'a har suka gauraya ta wuce a kira ta baƙuwa, kuma shekarun da ta shigo yankin sun riga 1987 nesa, tun kafin a haifi yawancin waɗanda ake nuna wa yatsa a yau.

Waɗanda salsala ta wanke

Tarihin wannan ilimi cike yake da mutanen da aka ɗora wa laifi, daga baya rubutun ƙwayar ya wanke su. A Amurka an yi shekaru ana kiran wani ma'aikacin jirgin sama ɗan Kanada, Gaétan Dugas, wanda ya rasu a 1984, da cewa shi ne ya kai wa ƙasar cutar. A 2016 Michael Worobey da tawagarsa suka auna jinin da aka ajiye tun 1978 da 1979, suka nuna cewa ƙwayar ta isa New York daga yankin Karibiyan tun wajen 1970, kuma ta jikin Dugas wani ƙaramin reshe ce cikin rassa da yawa. An wanke shi bayan shekara 32 a kabari.

Misali na biyu ya fi kusa da gida, domin a Libiya ya auku. A ƙarshen shekarun 1990 yara fiye da 400 suka kamu da cutar a wani asibitin yara na Benghazi. Hukumomin Gaddafi suka kama ma'aikatan jinya biyar ƴan Bulgariya da likita guda Bafalasɗine a 1999, suka zarge su da yi wa yaran allurar cutar da gangan, kotu ta yanke musu hukuncin kisa a 2004. A watan Disamba na 2006 Tulio de Oliveira da abokan aikinsa suka buga salsalar ƙwayoyin da ke jikin yaran, suka nuna cewa sun riga sun fara yaɗuwa a asibitin kafin watan Maris na 1998, lokacin da ma'aikatan suka kama aiki, kuma alamu sun karkata ga rashin tsabtar allurai da kayan aiki. Kotu ta toshe kunne ta sake tabbatar da hukuncin a cikin watan, amma duniya ta riga ta ji, kuma a Yuli 2007 aka sallame su. Akwai wani abu a cikin binciken da ya kamata ɗan Nijar ya lura da shi: ƙwayar da ke jikin yaran ƴar reshen CRF02_AG ce ta Afirka ta Yamma. Mai neman wanda zai ɗora wa laifi zai iya juya wannan sakamako ya soki ƴan ci-ranin da ke ratsa Agadas zuwa Sabha, alhali kuwa abin da ya kai ƙwayar jikin yara ɗaruruwa sakacin asibiti ne. Takobin da ya kwance wani, shi ne zai iya saran wani idan ya faɗa hannun da bai dace ba.

A Yuganda an daɗe ana ɗaukar ƙauyukan masunta na bakin Tafkin Victoria, inda cutar ta yi katutu, a matsayin rijiyar da sauran gari ke ɗibar ciwo daga cikinta. Binciken da aka yi a gundumar Rakai, aka buga a 2020, ya nuna cewa mafi yawan masu kamuwa a cikin unguwarsu suke kamuwa, kuma abin da ke shiga ƙauyukan masunta daga tudu ya fi abin da ke fita daga cikinsu. A Afirka ta Kudu kuma binciken da aka buga a 2017 daga lardin KwaZulu-Natal ya nuna cewa ƴan mata ƴan ƙasa da shekara 25 suna kamuwa ne galibi daga mazan da suka girme su da kusan shekara tara. Wannan ba ƙididdigar Nijar ba ce, kuma ba daidai ba ne a ɗauko ta a liƙa wa ƙasar. To amma darasin ya isa ko'ina: wanda ake gani da ciwo sau da yawa shi aka kawo wa, kuma magidanci mai rufin asiri da bai taɓa zuwa awon jini ba yana iya zama gadar da ba a lissafa da ita.

Iyakar ilimin da haɗarinsa

Wajibi ne a faɗi abin da wannan ilimi ba ya iyawa, domin a nan ne ɓarna ke shigowa. Idan ƙwayar jikin mutum biyu ta yi kama ƙwarai, hakan yana nuna suna kusa a cikin sarƙa, amma ba ya tabbatar da wanda ya ɗora wa wani, domin mai yiwuwa akwai na uku a tsakaninsu da ba a ɗibi jininsa ba, ko kuma su biyun daga wuri guda suka samu. A 2018 manyan masana 20 na duniya, cikinsu har da Françoise Barré-Sinoussi wadda ta samu kyautar Nobel a 2008 saboda gano ƙwayar, suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa salsalar ƙwaya ita kaɗai ba ta isa hujjar kama mutum a kotu ba, ko da yake tana iya wanke shi. Wannan gargaɗi ya shafi Nijar kai tsaye, domin dokarta ta 2007 a kan sida, wadda aka sabunta a 2015, ta tanadi hukunci ga wanda ya ɗora wa wani cutar da saninsa, kamar dokokin ƙasashe da dama na yankin da suka samo asali daga samfurin da aka tsara a Njamena a 2004. Ranar da jama'a suka yi zargin cewa jinin da suka bayar a asibiti zai iya ƙarewa a teburin alƙali ko na jandarma, ranar ce za su daina zuwa awo, kuma cutar da aka daina aunawa ba ta daina yaɗuwa.

Haɗari na biyu shi ne na taswirar da ke da giɓi. Masana ba sa ganin komai sai abin da aka ɗiba aka karanta, saboda haka ƙasar da ta fi yin bincike takan bayyana kamar ita ce tushe, wadda ba ta yi ba kuma takan ɓace daga hoton, ko a cika gurbinta da hasashe. Duniya ta ga illar wannan a watan Nuwamba na 2021, lokacin da masana na Botswana da Afirka ta Kudu, waɗanda suka ƙware a wannan aiki ta hanyar binciken sida, suka riga kowa gano nau'in Omicron na cutar korona suka sanar. Ladan da suka samu shi ne ƙasashen Turai da Amurka suka rufe wa jiragensu ƙofa. Idan za a hukunta mai faɗin gaskiya, gobe kowa zai yi shiru. Duk yarjejeniyar da za a ƙulla tsakanin maƙwabta dole ta fara da alkawarin cewa sakamakon ɗakin bincike ba zai zama dalilin korar baƙi ko tozarta wata ƙasa ba.

Amfanin da ke cikin aikin

Mai tambaya zai ce, ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa, ina ruwanta da karatun haruffan ƙwayar cuta, balle ma sida ba ta yi mata yawa ba? Gaskiya ne alƙaluma sun sauka: binciken ƙasa na 2002 ya ba da kashi 0,87 cikin 100 na baligai, na 2006 ya ba da 0,7, na 2012 kuma 0,4. A Najeriya babban binciken 2018 ya ba da kashi 1,4 cikin 100, wato mutum wajen miliyon 1,9. To amma ƙarancin nan shi ne ma hujjar yin aikin. Inda cuta ta yi yawa, duk inda aka jefa magani zai faɗa kan mabuƙaci. Inda ta yi kaɗan, ta taru a wasu hanyoyi da wasu rukunan jama'a, sai an san inda take kafin a kashe sefa guda, in ba haka ba kuɗin zai ƙare a taron ƙara wa juna sani da allunan bakin titi.

Bugu da ƙari, rubutun da ke nuna dangantakar ƙwayoyi shi ne ke nuna ko ƙwaya ta fara bijire wa magani. VIH-2 tun asali ba ta jin nevirapine da efavirenz, magungunan da aka daɗe ana bayarwa a Afirka, saboda haka wanda aka yi wa kuskuren awo zai sha magani a banza. Ita ma VIH-1 takan koyi bijirewa idan mai shan magani yana yi yana katsewa, kuma yawaitar haka na cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawara a 2019 a mayar da dolutegravir maganin farko ga kowa. Wa ya fi katse magani? Mai tafiya ne: direban da ya maƙale a iyaka sati uku, ɗan ci-ranin da ƙwayoyinsa suka ƙare a Abijan ba shi da takardar asibitin can, ƴar kasuwar da ke jin kunyar karɓa a garin da aka san ta. Ƙwayar da ta bijire a Katsina ba ta buƙatar fasfo kafin ta kwana a Maraɗi, haka ma wadda ta bijire a Birnin Konni ba ta neman izini kafin ta isa Sakkwato.

Yankin ya taɓa ganin ranar irin wannan aiki a kan wata cutar. Bayan da aka dakatar da ɗigon rigakafin shan-inna a wasu jihohin arewacin Najeriya a 2003 da 2004, karatun rubutun ƙwayar ne ya nuna yadda ta bazu zuwa ƙasashe wajen ashirin, har Yaman da Indonesiya a 2005. Da an tsaya ga zargi, da har yau ana nan. Abin da aka yi shi ne ɗiga wa yara rigakafi lokaci guda a ɓangarorin iyaka biyu, da musayar sakamakon awo tsakanin ƙasashe, har a watan Agusta na 2020 OMS ta bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. A kan sida ma akwai misali: tun farkon shekarun 2000 ƙasashe biyar, Kwadibuwa, Gana, Togo, Benin da Najeriya, suka kafa shiri guda domin hanyar Abijan zuwa Legas mai tsawon kilomita wajen 1000, da wuraren awo da faɗakarwa a kan iyakoki. Hanyar Kano zuwa Maraɗi ta Katsina, da ta Kano zuwa Damagaram da Agadas, da ta Kwatanu zuwa Gaya, ba su gaza waccan buƙatar kulawa ba.

Siyasa ta rufe, hanya ba ta rufu ba

Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe su, har zuwa Maris 2024 da aka buɗe ta Najeriya, yayin da Nijar ta ci gaba da rufe ta Benin bayan an ɗage takunkumin. A ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata. Kowane ɗan ƙasa yana da ra'ayinsa a kan waɗannan matakai, kuma ba nan ne wurin yanke musu hukunci ba. Abin da babu ɗan kasuwar da zai musa shi ne, duk tsawon rufewar babura ba su daina bin hanyoyin daji ba, jiragen ruwa kuma suka maye gurbin gada tsakanin Gaya da Malanville. Iyakar kilomita wajen 1500 da ta raba Nijar da Najeriya ta ratsa ta tsakiyar dangi ɗaya, masu auratayya da cin kasuwa ɗaya. Abin da rufewar ke tsayarwa shi ne takardun hukuma, da motar magani, da ganawar likitoci. Ga shi kuma a Janairu 2025 Amurka ta dakatar da agajinta na waje, abin da ya girgiza shirin PEPFAR da aka kafa a 2003, wanda miliyoyin masu shan magani a Afirka suka dogara da shi, ciki har da na Najeriya. Duk katsewar da hakan ya jawo a ƙetare, salsalar ƙwaya ta riga ta nuna hanyar da sakamakonta zai bi.

Saboda haka akwai abubuwan da suka wajaba a kan mahukunta. Na farko, a raba sha'anin lafiya da rigimar siyasa. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971 da mazauni a Yamai, da ƙawancen AES da ya haɗa Nijar da Mali da Burkina Faso, duk suna iya ɗaukar yarjejeniyar musayar sakamakon bincike, da takarda guda da za ta ba mai shan magani damar karɓar rabonsa a kowane ɓangare na iyaka ba tare da tonon asiri ba. Na biyu, a yi aikin a gida. Ƙasar tana da cibiyar CERMES a Yamai, tana da jami'o'i da masana, kuma tun Oktoba 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin wadata ƙasashe da na'urorin karanta rubutun ƙwayoyin cuta. Na'ura ba ta aiki babu wutar lantarki da sinadarai da albashin ma'aikaci, kuma waɗannan sai an rubuta su a kasafin kuɗin ƙasa. Maganar ikon cin gashin kai ba ta cika ba muddin jinin ɗan Nijar sai ya je Turai kafin a san abin da ke cikinsa. Na uku, a rubuta a doka ƙarara cewa ba a ɗibar jini domin bincike sai da yardar mai shi, a cire sunansa da duk abin da zai sa a gane shi a ƙaramin gari, kuma ƴan sanda da kotu ba su da hanyar isa ga kundin. Na huɗu, a mayar wa jama'a sakamakon da harsunansu, a rediyo da masallatai da tashoshin mota, domin binciken da ya tsaya a mujallun Turanci da Faransanci bai canza ra'ayin kowa a kasuwar Maraɗi ba.

Shi ma ɗan kasuwa da ma'aikaci suna da nasu kason. An tabbatar cewa mai ɗauke da ƙwayar da ke shan maganinsa a kai a kai, har ta daina bayyana a awon jini, ba ya ɗora wa matarsa ko mijinta ta hanyar saduwa. Alhajin da ke da kamiyo goma yana iya tabbatar da cewa direbobinsa sun san inda ake awo, kuma babu wanda zai rasa aikinsa domin an gan shi da kwalbar magani. Shugaban ofis yana iya hana tsegumi a kan ma'aikacin da ke neman izinin zuwa asibiti. Ƙungiyoyin ƴan tasha da na fatake, waɗanda suka san kowace hanya fiye da kowane minista, su ne ya kamata su fara ƙwanƙwasa ƙofar ma'aikatar lafiya suna neman a kafa wuraren awo da karɓar magani a Ɗan Isa, da Magarya, da Birnin Konni, da Gaya.

Shekaru kusan arba'in aka kwashe ana tambayar wanda ya kawo sida, kuma amsar da kimiyya ta bayar ita ce ta shigo ta hanyoyi da yawa, a lokuta da yawa, cikin jinin mutanen da ba su san suna ɗauke da ita ba. Tambayar da ta rage wa masu mulki a Yamai, da Abuja, da Kwatanu, da Wagadugu ita ce inda take bi a yau, da wanda ke rasa maganinsa a kan hanya. Idan gemun ɗan'uwa ya kama wuta, hikima ta ce a shafa wa nasa ruwa, amma a wannan karon gidan ɗaya ne, katanga ce kawai a tsakani.